Ingilishin Jarrabawa: Tambayoyin da 'Yan Takara a Maraɗi Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin 'yan BEPC (jarrabawar ƙarshen ƙaramar sakandare), 'yan bak (ta ƙarshen babbar sakandare), masu shirin konkur, da masu niyyar ƙetarawa Najeriya ko wata ƙasa karatu. An zaɓo misalan ne domin wanda ya tashi da Hausa a gida ya kuma yi lakwal da Faransanci, saboda kuskurensa daban yake da na ɗan Kano, daban kuma da na Bafaranshe.

Wace jarrabawa ake nufi in an ce Ingilishin jarrabawa?

Suna da yawa, kuma kowace da halinta. A BEPC da bak yawanci nassi ake ba ka ka karanta, a yi maka tambayoyi a kansa, sai nahawu, sai ɗan rubutu. Konkur kuwa, na shiga aiki ko na shiga babbar makaranta, wani yana da takardar Ingilishi, wani ba shi da ita. Sanarwar konkur ɗin ita ce alƙali, ba abin da aka ji a fada ba. A bak in ka kai 10 bisa 20 ka haye. A konkur gurabe ƙididdigaggu ne, mai 12 na iya komawa gida in akwai masu 14, shi ya sa Ingilishin da ake rainawa ya kan raba gardama tsakanin mutum biyu da suka yi kunnen doki a sauran darussa.

Mai son shiga jami'a a Najeriya zai gamu da jarrabawar JAMB. Da kwamfuta ake yin ta, tambaya 180 cikin awa biyu, 60 daga ciki na Ingilishi ne, kuma dole ne ga kowa ko da likitanci zai karanta. Masu neman gurbin karatu a nesa ana tambayarsu IELTS ko TOEFL, waɗanda ke auna saurare, karatu, rubutu da magana. Makin IELTS daga 0 ne zuwa 9, kuma galibin makarantu ba sa karɓar sakamakon da ya wuce shekara biyu.

Ni a Nijar zan yi aiki, mene ne nawa da Ingilishi?

Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ko ba wannan ma, ɗan Maraɗi bai kamata ya yi wannan tambaya ba. Daga Ɗan Isa sai Jibiya sai Katsina, kasuwancinmu da Kano ya girmi kowa, ƙungiyoyin agaji suna son mai iya rubuta rahoto da Ingilishi, kuma a nan cikin gari jami'ar Maryam Abacha da Ingilishi ake karatu a cikinta.

Na yi shekara bakwai ina Ingilishi daga siziyam zuwa tarminal, amma ko wasiƙa ba na iya rubutawa. Laifin wa?

Awa kaɗan a mako, aji cike maƙil, kuma da an tashi ba ka sake jin harshen sai mako mai zuwa. Da yawa sun haddace dokoki a kaye, wato littafin rubutu, suna iya zayyano su da Faransanci, amma ba su taɓa gina jimla goma tasu ta kansu ba. Abin daɗin shi ne shekarun nan ba su tafi a banza ba. Abin da ya rage galibi gyara ne a wurare sanannu, kuma kusan kowane kuskure kana iya gano inda ya fito: ko Faransanci ne ya tura ka, ko Hausa, ko Ingilishin kasuwa. Amsoshin da ke biye a kan wannan suka ginu.

Faransancina zai taimake ni ko zai ruɗe ni?

Zai taimake ka fiye da yadda kake zato. A 1066 Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fadar sarki da kotu na tsawon ƙarnuka, dubban kalmomi suka kwarara cikin Ingilishi. Saboda haka manyan kalmomin da ke ba ɗan Najeriya tsoro a JAMB, irin su *benevolent*, *indispensable*, *provisional*, kai kana gane su daga nesa.

Ka koyi yadda ƙarshen kalma ke juyawa, ka sami ɗaruruwa kyauta: *liberté* ta koma *liberty*, *dangereux* ta koma *dangerous*, *économique* ta koma *economic*, *nécessaire* ta koma *necessary*, *actif* ta koma *active*. Masu ƙarewa da *-tion* kusan duka suna nan yadda suke, furucin ne ya canja. Sai dai ka kula da rubutu: *adresse* da *address*, *exemple* da *example*, *gouvernement* da *government*. Harafi ɗaya ko biyu ne, amma a IELTS amsar da aka rubuta ba daidai ba a sashen saurare ta faɗi ke nan. Inda Faransanci ke yaudara kuwa, ga shi a tambaya ta gaba.

Waɗanne kalmomi ne masu kama da na Faransanci amma ma'anarsu daban?

Wadda ta fi shafar mai jarrabawa ita ce *pass*. A takardun 'yan tarminal ana yawan ganin *I passed the exam last year but I failed*. A kan mai tunani da Faransanci jimlar lafiya lau take, domin *passer un examen* zama jarrabawa ne kawai. A Ingilishi kuwa *pass* cin jarrabawa ne, wato ya ce ya ci kuma ya faɗi. Zama jarrabawa shi ne *take* ko *sit an exam*.

Sauran da masu shirya tambaya ke so: *actually* tana nufin a gaskiya, ba yanzu ba, yanzu ita ce *currently*. *Eventually* daga ƙarshe ne, ba wataƙila ba. *Library* ɗakin karatu ne, shagon littattafai *bookshop* ne. *Attend* halarta ce, jira *wait* ne. *Assist* taimako ne, don haka wanda ya rubuta *I assisted the meeting* ya ce ya taimaki taron. *Sensible* mai hankali ne. *Deception* yaudara ce, ba takaici ba. *Demand* nema ne da ƙarfi, kada ka sa ta a takardar neman aiki, *apply for* ake cewa. Masu rubuta CV kuma su sani cewa *formation* tasu *training* ce, *stage* tasu *internship* ce. Ka ware shafi biyu a ƙarshen kayenka don irin waɗannan kaɗai, duk wadda ta kama ka sau ɗaya ta shiga ciki.

Kalma nawa zan haddace, kuma ta yaya ba zan manta ba?

Akwai jeri biyu da suka cancanci wahala. Oxford 3000 ya tattara kalmomi dubu uku da aka fi bukata, yana nan kyauta a intanet. Masu IELTS da TOEFL su ƙara da jerin kalmomin ilimi na Averil Coxhead na shekarar 2000, mai gidajen kalmomi 570. Za ka tarar da yawancinsu ka riga ka san su ta Faransanci.

Haddar kalma ita kaɗai ɗibar ruwa ce da kwando. Ka riƙa kama ta tare da abokiyar tafiyarta, domin nan ne jarrabawa ke tambaya: *make a mistake* amma *do homework*, *take a decision* ko *make a decision*, *pay attention*, *heavy rain*, *commit a crime*. Faransanci *faire* ɗaya gare shi, Hausa ma *yi* ɗaya gare ta, Ingilishi ya raba su *make* da *do*, kuma ba dokar da za ta fisshe ka gaba ɗaya sai sabo. Kalma goma a rana ta isa, kowace da jimlar da ka gina da kanka a kan abin da ka sani, kasuwar Tibiri ko damina ko kabu-kabu. Ka sake duba su gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako.

Me ya sa kullum nake faɗuwa a tambayoyin lokutan aikatau?

Nan harsuna biyu suka taru a kanka. Faransanci yana cewa *j'habite ici depuis 2015*, Hausa tana cewa ina zaune nan tun 2015, sai hannu ya rubuta *I live here since 2015*. Daidai shi ne *I have lived here since 2015*. *Since* tana bin lokacin da abu ya fara, *for* tana bin tsawonsa: *since Monday*, *for three days*. Ta ɗaya gefen kuma, *j'ai vu* ta yi kama da *I have seen*, sai a rubuta *I have seen him yesterday*. Da zarar jimla ta ambaci lokacin da ya wuce ya ƙare, *yesterday*, *last year*, *in 2020*, *two days ago*, to *I saw* ce, ba gardama.

Hausa ita kaɗai tana da nata tarkon. Muna cewa ina da, ina so, sai kowane ina ya koma *I am* da *-ing*: *I am having two brothers*, *I am wanting*. Aikatau na mallaka, sani da so, irin su *have*, *own*, *know*, *believe*, *want*, *belong*, ba su cika ɗaukar *-ing* ba. Haka shekaru: ina da shekara 20, *j'ai 20 ans*, duka biyu suna kai ka ga *I have 20 years*, alhali *I am 20* ake cewa. *I am agree* kuwa ɗiyar *je suis d'accord* ce, *I agree* ta wadatar.

A jimlolin sharaɗi Hausa ce malamarka. In ya zo zan gaya masa, wato abin na iya faruwa: *If he comes, I will tell him*. Da ya zo da na gaya masa, wato an riga an wuce wurin: *If he had come, I would have told him*. Ta tsakiya ita ce ta zato, *If I had money, I would travel*. Kada *will* ko *would* ta shiga ɓangaren da *if* take.

Dole ne in haddace duk aikatau marasa bin doka?

Kusan ɗari da ake yawan amfani da su, dole ne. Kada ka bi su ta jerin abacada, ka tara su ta amo: *sing, sang, sung* da *ring* da *drink*, *buy, bought* da *think* da *catch*, *cut, put, shut* da ba sa canjawa. Waɗanda ake kafa tarko da su su ne *lie* da *lay*, *rise* da *raise*, *find* da *found* mai nufin kafawa.

His da her suna ruɗa ni. Akwai dabara?

Ka ajiye Faransanci, ka koma Hausa. *Son* da *sa* suna bin abin da aka mallaka, shi ya sa ɗalibi ke rubuta *his father* yana nufin mahaifin Hadiza. Ingilishi mai abin yake bi, kamar yadda muke yi: mahaifinsa *his father*, mahaifinta *her father*. In ka yi shakka ka faɗi jimlar da Hausa a zuci. Sai dai mota da makaranta da ƙasa, da muke ce musu ita, a Ingilishi *it* ne.

Me ya sa ake jan layi a ƙarƙashin informations da advices?

Domin Ingilishi ba ya ƙirga su. *Information*, *advice*, *furniture*, *equipment*, *luggage*, *evidence*, *knowledge* ba sa ɗaukar *s*, ba sa ɗaukar *a*. In kana son ɗaya sai ka ce *a piece of advice*. *News* tana da *s* amma tilo ce: *the news is good*. *People* da *police* kuwa jam'i ne.

Daga nan tambayoyin dacewar suna da aikatau suke fitowa, kuma JAMB ba ta gajiya da su. *Each of the students is*, *neither of them was*, *the number of candidates is* amma *a number of candidates are*. In an ce *The teacher, as well as his students*, aikatau malamin yake bi, *is* za ka zaɓa. In an ce *neither the teacher nor the students*, na kusa da shi yake bi, *are* ke nan.

Ƙananan kalmomin nan, in, on, at, for, akwai doka a kansu?

A lokaci da wuri akwai: *at six o'clock*, *on Friday*, *in July*, *in Maradi*, *at the gate*. Bayan wannan sai hadda tare da kalmar da suke bi, kamar yadda aka ce a tambayar haddar kalmomi. Waɗanda Faransanci ke karkatarwa: *depend on* ba *of* ba, *interested in*, *married to* ba *with* ba, *good at*, *responsible for*, *congratulate on*. *Listen to* da *wait for* suna bukatar ƙari inda Faransanci ba ya sawa. *Discuss*, *enter*, *answer* da *obey* kuwa ba sa son komai a bayansu, *discuss about* kuskure ne ko da ka ji babban mutum ya faɗa.

Na san put, na san off, amma put off ta gagare ni. Yaya zan yi da irin waɗannan?

Nan ne raunin ɗan lakwal na gaske, domin wannan ɓangaren Ingilishi bai bi ta Faransa ba. Amma kusan kowace tana da 'yar'uwa mai kama da Faransanci, ka haɗa su biyu-biyu: *put up with* da *tolerate*, *give up* da *abandon*, *turn down* da *reject*, *carry out* da *execute*, *look into* da *investigate*, *call off* da *cancel*, *put off* da *postpone*. Tambayoyin neman kalma mai ma'ana ɗaya sau da yawa wannan haɗin suke nema. Ka lura da wurin wakilin suna: *turn it down* ake cewa, ba *turn down it* ba.

Salon maganar Ingilishi fa? Ba ya ƙarewa.

Ba ya ƙarewa, amma wanda ke fitowa a jarrabawa yana maimaituwa, tsofaffin takardu za su nuna maka. Bahaushe bai kamata ya tsorata ba: wanda ya san cewa mai dogon hannu ba a auna hannunsa da mita, ya riga ya san yadda abin ke aiki. Da yawa ma suna da takwara a wurinmu. *Make a mountain out of a molehill* mai da allura garma ne. *Between the devil and the deep blue sea* gaba kura baya sayaki. *Turn a deaf ear* kunnen uwar shegu. *Let the cat out of the bag* fasa ƙwai. *Beat about the bush* kewaye-kewaye. Wasu ba su da takwara sai a riƙe ma'ana: *a white elephant* abu ne mai cin kuɗi ba amfani, *bury the hatchet* sasantawa, *once in a blue moon* abin da sai an daɗe ake gani.

A tambaya mai zaɓi huɗu, amsar da ta ɗauki maganar a zahirinta, mai zancen kyanwa ko daji ko giwa, kusan kullum tarko ce. Kuma ba a taɓa kalmominsu, in ka sauya ɗaya ta lalace. A rubutunka kuwa, shawarata ka rage su. Salon magana ɗaya da ya zauna daidai ya isa, kuma kada ka fassara karin maganar Hausa kalma da kalma, mai gyaran takarda ba zai gane ba.

Ina jin Ingilishi sosai, ina zuwa Kano da Legas sayen kaya. Wannan bai isa ba?

Ya ba ka kunne da ƙarfin hali, abin da ɗan aji ba shi da shi. Amma Ingilishin tasha da na takarda ba ɗaya ba ne. *Borrow me your pen* a jarrabawa *lend me* ce. *Off the light* ita ce *switch off the light*. *I am coming* ga mai fita, wato ina zuwa tamu, a takarda *I will be back* ce. *Isn't it* ba ta bin kowace jimla: *He came, didn't he?* Gaskiya ne a Janairun 2020 ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, har da *okada* da *danfo* da *Kannywood*, amma wannan bai canja abin da mai gyaran takarda ke nema a nahawu ba.

Jarrabawar rubutu ce, me ya kawo furuci?

JAMB tana da tambayoyin furuci a rubuce: a ba ka kalma, ka zaɓi mai sauti iri ɗaya, ko ka nuna gaɓar da ake dannawa. Bahaushe yana haɗa *p* da *f*, *b* da *v*, sai *pan* da *fan* su zama ɗaya, kuma yana cusa wasali tsakanin baƙaƙe, *school* ta koma sukul. Mai Faransanci yana haɗiye *h*, yana kai nauyi gaɓar ƙarshe. A Ingilishi masu ƙarewa da *-tion* da *-ic* gaɓar da ke gabansu ake dannawa: *eduCAtion*, *ecoNOmic*. *REcord* suna ne, *reCORD* aikatau. Akwai haruffan da ba a furtawa, *b* a *debt* da *comb*, *k* a *knife*, *s* a *island*. Duk kalmar da ka duba a ƙamus na waya, ka danna ka ji ta kafin ka rufe.

Rubutun Ingila zan bi ko na Amurka?

*Colour* ko *color*, *centre* ko *center*: IELTS da TOEFL suna karɓar kowanne, ka dai tsaya a kan ɗaya. Jarrabawar Najeriya ta fi karkata ga na Ingila. Abin da ya fi wannan cin maki shi ne al'adun rubutun Faransanci. Ranaku, watanni, harsuna da ƙabilu da babban harafi suke farawa: *Monday*, *July*, *Hausa*, *French*. Ba a barin fili kafin alamar tambaya. A lambobi kuma waƙafi da ɗigo sun yi musanya, biyu da rabi 2.5 ne, dubu da ɗari biyar 1,500.

Wata uku ya rage mini, ba kuɗin kur na ƙarin darasi, wuta ma sai ta ga dama. Ta ina zan fara?

Ka nemi tsofaffin takardun ainihin jarrabawar da za ka zauna, ka yi ɗaya da agogo tun makon farko. Duk kuskure ka rubuta a gefensa inda ya fito. Bayan takarda uku za ka ga abu huɗu ko biyar ne ke ta dawowa, su za ka bi, ba littafin nahawu daga bango zuwa bango ba. Awa ɗaya bayan asuba, kafin zafi ya taso, ta fi awa huɗu na daren Lahadi. In ka sami intanet ka sauke darussan BBC Learning English a waya, ka saurara ko ba rezo.

Ku haɗu uku ko huɗu a fada, ku ce daga shayi na farko zuwa na biyu ba mai yin wata magana sai Ingilishi. Za a yi dariya, ba komai. Ku riƙa musayar rubutu, domin ido ya fi ganin *informations* a takardar wani. Masu IELTS su saba da tsawon da ake nema, kalma 150 a aiki na farko, 250 a na biyu, duka cikin minti 60.

In ban san amsa ba, in bar wurin ko in yi canke?

A IELTS da JAMB ba a rage maki don amsar da ba daidai ba, saboda haka kada ka bar gurbi. A konkur kuwa ka karanta umarnin da ke saman takarda, wani yana ragewa. Kafin canke ka fitar da zaɓi biyun da ka tabbata ba su ba ne. A JAMB kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita in aka raba daidai, wadda ta riƙe ka ka tsallake ta ka dawo, kuma a nassi mai tsawo ka fara karanta tambayoyin kafin nassin.

Duk mai jarrabawa da kwamfuta, musamman wadda ake buga rubutu kamar TOEFL, ya lura da allon bugu. Namu na Faransa ne mai farawa da AZERTY, nasu QWERTY ne: A da Q sun yi musanya, Z da W ma haka, M ta sauko layin ƙasa. Ka sauya tsarin a wayarka da kwamfutar da kake gwaji da ita tun makonni kafin ranar.